Tsarabar surukina ta ƙi shiga komfutar da nake haɗawa

Daga admin: Wani ɗan uwa ne ya turo mana wannan, ya roƙi a sakaya sunansa. A ba shi shawara cikin mutunci, banda zagi.

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don girman Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, in ban ɗauko maganar daga tushe ba, za ku zaci rigimar ƙarfe da waya ce kawai, alhali ni tsakanina da surukina nake jin tsoron ya lalace, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni ɗan Sabuwa ne amma a Ƙanƙara nake zaune da iyalina. Sana'ata zanen gidaje a komfuta, irin wanda mutum zai ga gidansa a tsaye da fenti da fitilu har da mota a ƙofa tun ba a haƙa tushe ba. Yawancin masu ba ni aiki 'yan Kaduna da Abuja ne, ta waya muke komai. Laftof ɗin da nake aikin da ita ta tsufa, in zan fitar da hoto ɗaya sai na ɗora ta a kan bulo na kunna mata fanka, ta yi ta huci, wani lokacin ta kai rabi ta ɗauke na koma farko. Na sha rasa aiki mai kyau saboda ita. Shi ya sa na ƙudurta zan haɗa babbar komfuta ta tebur da hannuna, ba wadda aka haɗo a kwali ba, ni zan zaɓi kowane ɓangare.

Ga waɗanda ba su san harkar ba, haɗa komfuta ba wai ka sayi duk abin da ya fi tsada ka zuba a akwati ba ne. Dole kowane abu ya dace da ɗan uwansa. Akwai furosesa, ita ce ƙwaƙwalwar. Akwai madabod, shi ne babban faifan da komai ke zama a kansa, kuma a jikinsa akwai gurbin da furosesa ke zama. Manyan kamfanonin da ke yin furosesa biyu ne, kowa da irin gurbinsa, furosesar wannan ba ta zama a gurbin wancan ko za ka shekara kana lallaɓa ta. Ram ma haka, wato inda komfuta ke riƙe aikin da take kan yi, na zamani da tsoho ba a wuri ɗaya aka yi musu tsaga ba. Ni kuwa ban yi wasa da wannan ba. Na yi karatu har idona ya gaji, na ɗauki tef na auna akwatin na tabbatar girafik kad ɗin, wanda shi ke fitar da hoton zane, zai shiga da tsawonsa, na auna tsayin fankar sanyaya furosesa kada murfi ya ƙi rufuwa. Na ƙi mai sanyayawa da ruwa duk da kyanta, don in ta yoyo a Ƙanƙara wa zai gyara mini? Na duba ƙarfin fawa, wato abin da ke raba wa kayan wuta, na gwada shi da inbata da batiran solata, don wutar garinmu ba abin dogaro ba ce. A hankali na riƙa saye, in aiki ya faɗo na sayi abu ɗaya na ajiye a saman wadrob, har maiɗakina tana tsokanata wai kwalayen sun fi ta samun gaisuwar safe. Na sayi furosesa, na sayi ram, na sayi girafik kad wanda shi ya fi cin raina, akwati da fawa duk sun zo. Madabod kaɗai ya rage.

To yanzu ga surukina. Alhaji a Faskari yake, tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, duk mai shiga kasuwar Sheme ya san shi. Mutum ne mai kwarjini, ba ya yawan magana, kuma tun farko bai so aurena da 'yarsa ba. Ba don wani mugun hali ba, sana'ata ce bai yarda da ita ba. An faɗa mini lokacin neman auren ya tambaya mi nake saidawa, da aka ce zane a komfuta sai ya ce shi bai san sana'ar da ba a iya aunawa a tiya ba. Da ƙyar aka shawo kansa. Tun daga nan tsakaninmu gaisuwa ce kawai, na cire takalmi tun daga nesa na durƙusa, ya amsa yana kallon wani wuri, in yana da saƙo sai ya ba matarsa Hajiya, Hajiya ta ba maiɗakina, ita ta ba ni. Na san kunyar surukuta ce, amma na san kuma ba ita kaɗai ba ce. Abin ya daɗe yana damuna don ni mahaifina ya rasu tun ina makaranta, na so a ce na samu uba a wurinsa.

Bana Allah Ya sake kiransa aikin hajji. Da suka sauka muka shirya muka je Faskari barka da sauka. Zaure cike da mutane, abokan kasuwancinsa da maƙwabta da limamin unguwa, ana ta raba dabino da zamzam. Na samu wuri can bakin ƙofa kusa da takalma na durƙusa na gaishe shi. Ina shirin zamewa sai na ji ya ce a shiga ɗakinsa a ɗauko kayan da ke bisa gado. Aka fito da wani abu a naɗe cikin farin ƙyalle, ashe haraminsa ne ya naɗe shi da shi. Sai ya dube ni, wallahi karon farko ke nan da ya kalli idona, ya ce, "Malam, matso nan. Wanga naka ne."

Ya warware da hannunsa, sai ga kwalin madabod. Ya shiga ba mutane labari, shi da ba ya magana. Ya ce ɗiyarsa ta tura mashi hoton abin da ya rage wa mijinta, ya sa wani Bahaushe mazaunin can ya kai shi shagon kayan komfuta ya yi mashi tafinta. Mai shagon ya dubi hoton ya ce wannan ya ƙare, amma ga wansa, wanda manyan injiniyoyi ke sawa. Alhaji ya ce ya tsaya ya yi ciniki har sai da mai shagon ya dafe kai. "Ni da na tsufa ina auna hatsi a Sheme, wa za ya kai ni ƙasa a ciniki?" Aka yi ta dariya. Ya ce bai yarda an sa shi a cikin kaya ba, bisa cinyarsa ya riƙe shi a jirgi, haka ma a mota tun daga Katsina har gida.

Ni kuwa tun da idona ya sauka a kan lambar da ke jikin kwalin na gane akwai matsala. Na ɗaya kamfanin ne. Kuma ba na zamani ba, lallai a lokacinsa shi ne sarki, amma an wuce wurin da daɗewa, tsohon kaya ne da ya kwana a shago aka samu baƙo aka sauke masa. Me zan ce a gaban liman da dattawa? Na karɓa da hannu biyu, muryata na rawa na ce Allah Ya saka da alheri Baba, Allah Ya ƙara arziki. Mutane suka ɗauka daɗi ne ya sa ni rawar murya, liman ya yi addu'a aka shafa.

Da muka dawo gida na rufe ɗakin aikina na buɗe kwalin, ina ta fatan ko ni ne na karanta ba daidai ba. Abu ne mai kyau ba ƙarya, fari da ruwan azurfa, ga nauyi. Na ɗauko furosesata na riƙe a saman gurbin ban ma bari ta taɓa ba, ko siffarsu ba ɗaya ba. Na gwada ram, tsagar tana wani wuri daban. Na kira abokina da ke gyaran komfuta a Funtuwa na karanta masa lambar, ya ce inna lillahi, wa ya yi maka wannan aikin? Ya tabbatar mini da abin da na riga na sani. In dai zan yi amfani da madabod ɗin Alhaji, to sai na rabu da furosesata da ram ɗina na nemo tsofaffin da suka dace da shi, kuma ko na samo furosesa mafi ƙarfi da yake ɗauka ba za ta kamo ƙafar wadda nake da ita ba, girafik kad ɗin da na sha wuya a kansa zai riƙa zaman jiran ƙwaƙwalwar da ba ta kai shi gudu ba. Wato duk tsarin da na daɗe ina yi ya rushe, na koma kusa da inda na baro.

Na kira maiɗakina na yi mata bayani a hankali. Da farko ba ta gane ba, ta ce ba za a ɗan matsa shi ya shiga ba? Da ta gane sai ta faɗa mini yadda aka yi. Ita ce ta ɗauki hoton madabod ɗin da nake so daga wayata ta tura wa babanta ba tare da na sani ba, ta daɗe tana lallaɓa shi tana nuna masa gidajen da na zana, tana so ya san mijinta ba zaman banza yake ba. Ta ce Hajiya ta faɗa mata ko alkyabbar da ya yi niyyar sayo wa kansa fasawa ya yi saboda wannan. Na ce to ai dole a faɗa masa gaskiya, ta miƙe tsaye ta ce wallahi ba da ita ba. Ta ce ban san babanta ba, mutumin da duk abin alfaharinsa a duniya shi ne ba a taɓa cutarsa a ciniki ba, ya gama faɗa a gaban abokansa, sannan surukin da yake gani yaro ya zo ya ce masa an yi maka sakiyar da ba ruwa a ƙasa mai tsarki? Ta ce ba zai yi faɗa ba, shiru zai yi, kuma shirun ba zai ƙare ba har abada.

Sai ta kawo tata dabarar. Wai na sayi wanda ya dace na sa a ciki, na ɗora kwalin Baba a saman tebur inda kowa zai gani, a wuce wurin. Na ce akwatin nawa gefensa gilashi ne, ana ganin komai, kuma na Baba fari ne wanda nake nema baƙi. Nan ta faɗa mini abin da ban sani ba, ashe idon Alhaji ya fara yana, ba ya son a sani, daga nesa inuwa-inuwa yake gani, in fitilun ciki suka kama ba zai bambance komai ba. Raina ya ɓaci, na ce yanzu da raunin idon mahaifinki za mu yaudare shi? Ta ce ba yaudara ba ce rufin asiri ne. Magana ta yi zafi, ta ce na fi son ƙarfe a kan babanta, in da ina ƙaunarsa da na haƙura da gudun komfutar na sa nasa. Ni kuma bakina ya suɓuce na ce wa ya aike ki tun farko. Ta fashe da kuka, kuma na san ban kyauta ba don alheri ta nufa. Na ba ta haƙuri amma har yau gidan ba daɗi, ta ajiye mini abinci ta koma ɗaki.

Na kira mahaifiyata a Sabuwa. Inna ba ta san menene madabod ba kuma ba ta nemi sani ba. Ta ce na sa na Alhaji, abin da aka naɗo a harami aka yi wa addu'a ya fi mini wanda na zaɓa da wayona, in aikin zai yi jinkiri ya yi. Na ce Inna jinkirin nan shi ke kore mini masu ba ni aiki, da shi nake ciyar da jikokinki. Sai ta ce da mahaifina na raye da shi zai taka ya je ya yi wa Alhaji bayani, babba da babba, ba wanda zai ji kunya. Wanda ya rage mini kawuna ne, shi kuwa in ya ji magana da safe kafin azahar ta zaga kasuwa.

Abin da ya ƙara ɗaure ni, labari ya riga ya bazu. Ranar da motarmu ta tsaya a Sheme wani dattijo da ban sani ba ya leƙo ya ce ba kai ne surukin Alhaji da ya sayo wa inji daga Saudiyya ba? Har mutum biyu sun kira ni suna so na zana musu gida, suka ce Alhaji ne ya ba su lambata, ya ce musu aikin yaron nan sai ka rantse hoton gidan gaske ne. Mutumin da ya ce sana'ata ba ta aunuwa yau shi ke yi mini talla. Da na ajiye wayar sai da na yi hawaye, don abin da na daɗe ina roƙon Allah ke nan, sai ga shi ya zo ta hanyar da na rasa yadda zan riƙe shi.

A gefe guda ga aiki a hannuna, wani mai gina rukunin gidaje ya ba ni aikin haɗa bidiyon da zai nuna wa masu saye, na karɓa ne da ƙwarin gwiwar sabuwar komfuta za ta tashi, laftof ɗina ba za ta iya ba ko zan zuba mata ƙanƙara. Ya fara kira yana tambaya. Abokina na Funtuwa kuma ya samo wani a Kano da ke da tsohuwar furosesa irin ta madabod ɗin Alhaji yana neman irinsa ido rufe, ya yarda a yi musaya ya ba ni wanda nake so na yi ɗan ciko. Abokin nawa ranar Alhamis zai shiga Kano, ya ce in zan bayar na kai masa kafin nan, in ba haka ba mutumin zai nemi wani. Wato na ɗauki tsarabar surukina na ba wani baƙo. Ko a baki faɗar abin nauyi yake yi mini.

Jiya bayan la'asar ina zaune ina wannan tunanin wayata ta yi ƙara, na duba na ga lambar Alhaji. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa kirana ba. Ban san lokacin da na sauko daga kujera na durƙusa ba, kamar yana ganina. Bayan mun gaisa ya ce ranar Juma'a in an sauko masallaci zai zo Ƙanƙara, shi da liman da abokansa biyu, yana so na haɗa komai na bari, shi zai danna maɓallin da hannunsa a yi addu'a. Kun san halin da hanyarmu take ciki, mutane ba sa binta sai da dalili mai ƙarfi, ga shi dattijo, ga shi bai taɓa taka gidan 'yarsa ba. Na ce Baba da ka bari ni na kawo maka hoto, ya ce a'a, shi zai tako.

Sai ya rage murya ya ce, "Malam, ni ban san kan abin nan ba, kai ka sani. Ya shiga daidai kau? In akwai wani abu ka hwaɗa mani. Ni na tsufa, kowa lallaɓa ni yake yi yanzu, ban son kai ma ka zan cikinsu."

Maiɗakina tana tsaye a bakin ƙofa tana jin komai, hawaye na zuba, tana girgiza mini kai. Na buɗe baki, wallahi gaskiyar na yi niyyar faɗa. Abin da ya fito shi ne, ba komai Baba, lafiya lau. Ya ce madalla, Allah Shi yi maka albarka, ya kashe.

Tun daga lokacin ban iya taɓa komai ba. 'Yan uwa ku dubi Allah ku faɗa mini gaskiya. Na rushe tsarina na sa nasa, na zauna da komfutar da na san ba za ta riƙe mini sana'ata ba, wataƙila na rasa aikin da ke hannuna, kuma ko hakan ma ban san ta yadda zan samo tsofaffin kayan kafin Juma'a ba? Ko na bi shawarar maiɗakina na sa wanda ya dace, na bar dattijo ya keto wannan hanyar ya dafa gilashi ya yi addu'a a kan abin da ba ya ciki? Ko na hau mashin gobe da sassafe na tafi Faskari ni kaɗai, na jira zaure ya watse, na durƙusa na faɗa masa an cuce shi, na ɗauki duk abin da zai biyo baya, har da fushin matata? Masu surukai dattawa a cikinku, da iyayen da suka aurar, in ku ne Alhaji wanne za ku fi so a yi muku?

In na je gobe na faɗa masa, ƙarya ɗaya na yi masa, ta jiya. In na bari ya zo ya danna ya ce alhamdulillahi, zan ci gaba da yi masa ita duk safiyar da na kunna komfutar nan, shi kuwa yana can yana faɗa wa mutane ya samu surukin da ba ya rufe shi. Don Allah ya zan yi?